Shekarar da Batir Ya Daina Shan Ruwa

Tsofaffin wandunan aikin Baffa Sani duk suna da ƙananan huji a gwiwa da cinya, kamar an bi su da tsinke mai wuta. Matarsa, Inna Hajara, ta mayar da su tsumman goge mota, suna cikin wani bokiti a garejin gidansu da ke garin Manassas, nan ƙasar Turawa. Tun ina ƙarama nake ganinsu, na ɗauka asu ne ya ci su. Ashe ruwan batir ne. Baffa yayan mahaifinmu ne, aikinsa kuwa batiran jiragen ƙarƙashin ruwa, waɗanda yake kira masu nutso. Bai taɓa nutsewa a cikin ko ɗaya ba. Ko iyo bai iya ba.

Wata Asabar da rana muka je gidan daga garinmu Wheaton, ni da Yaya Mubarak da abokinsa Ishaya, ɗan maƙwabtanmu mutanen Jos. Su biyun sun haɗa wani ɗan jirgi da bututun roba don gasar makarantarsu. Yana nutsewa sosai a tafkin iyo, amma kafin ya kai ɗaya gefen sai batirinsa ya mutu. Muka tarar da Baffa a gareji, muka gaishe shi, na samu wata tsohuwar taya kusa da ƙofa na zauna.

"Baffa, babban batir kawai za ka ba mu," in ji Yaya Mubarak. "Ai izi ne, ba wata wuya. A cire ƙarami a sa babba."

Baffa ya ɗauki jirgin ya auna nauyinsa a tafin hannu. "Izi," ya ce a hankali. "Ishaya, kai ma izi ka gani?"

"Kamar dai haka, Baba."

"To, in na sa muku babba zai nutse, wannan na yi muku alkawari. Tasowar ce ban sani ba."

Inna Hajara ta shigo da tiren shayi da cincin. Ma'aikaciyar jinya ce, shi ya sa Baffa yake kiranta Sista. Ta dube su ta ce, "Kun taɓo shi, sai ku nemi wurin zama. Amma Malam, in za ka ba su labari ka bayar duka, har da shekarar da aka kusa raba ka da batir."

"Za mu zo wurin, Sista."

"Ina nan zaune har mu zo," ta ce, ta jawo kujera.

Baffa ya ce aikin farko da aka ba shi a sana'ar nan tarar ruwan sama ne. Yana yaro a Kano aka kai shi shagon Malam Ɗanlami mai cajin batir, wajen Ƙofar Ruwa. Damina guda Malam bai bar shi ya taɓa batir ba. Da zarar hadari ya haɗo, sai ya kwashi robobi ya jera a tsakiyar fili, nesa da rufin kwano, don ruwan da ya biyo kwano yana ɗauke da tsatsa. Ruwan farko a zubar, na biyu a tace da farin ƙyalle a ɗura a kwalabe. Ruwan famfo da na rijiya ba sa shiga batir, gishirin da ke cikinsu yana kashe shi a hankali. Daga nan aka koya masa narka dalma a ƙera wa batir sabon kai, da liƙe tsagewa da kwalta. Sai can daga baya Malam ya miƙa masa kayan aikin da ya fi daraja a shagon, wani bututun gilashi mai kan roba.

Baffa ya buɗe durowa ya fito da irinsa, naɗe cikin tsohuwar safa. Ya matsa kan robar ya saki. A cikin gilashin akwai wani ɗan ƙaramin gilashi mai zane-zane, yana ƙara kaɗan in an motsa.

"Za ka buɗe murfi," in ji Baffa, "ka zura wannan, ka zuƙo ruwan. In batirin na da ƙarfi, ɗan cikin nan zai taso sama. In ya yi sanyi, sai ya kwanta. Kafin ma ka auna, ka leƙa da ido. Ruwan ya ragu? Ya yi duhu? Farantan ciki sun yi fari? Ka kuma sansana. Direba zai zo ya rantse maka jiya-jiya ya sayi batirinsa. Kada ka yi masa musu, ka buɗe murfi kawai."

Bayan ya zo ƙasar nan karatun lantarki, ya sami aiki a Baltimore, a wani shagon da ke gyaran batiran motocin ɗaga kaya. Ya ce ya shiga da fargaba, sai ya tarar batir na nan da na Ƙofar Ruwa ɗabi'arsu ɗaya. Da ya zama ɗan ƙasa, wani kamfani da ke gwada batiran masu nutso ya ɗauke shi, bayan dogon bincike. Har maƙwabtansa aka je aka tambaya ko yana da halin kirki.

Ishaya ya ɗaga hannu kamar a aji. "Baba, to me jirgi kamar wannan zai yi da batir? Ba shi da inji?"

"Da ba a gareji muke ba, da na kunna kyandir na kife masa kofi ka gani," in ji Baffa. Ba a kunna ko ashana a garejinsa, kowa a danginmu ya sani. "Wuta iska take ci. Injin dizal wuta ce a cikin ƙarfe. Ka kai shi ƙarƙashin ruwa ka rufe ƙofa, nan da nan zai shanye iskar da mutane ke shaƙa, ya mutu, su ma su bi shi. Duk dabarar da aka yi a kan mai nutso, amsar wannan tambaya ake nema: me zai juya farfela inda babu iska?"

Ya jawo kofunan shayi ya fara jera su a kan teburin aiki. Kofi na farko ya ce shi ne tsohuwar hanya. A saman ruwa jirgi ya kunna dizal ya cika batir, in ya nutse ya kashe inji ya tafi da batirin shiru. In batir ya yi ƙasa, dole ya taso kusa da sama ya ɗaga wani bututu kamar mai shan kunu da kara, ya ja iska ya sake caji. A lokacin nan ne ake jin ƙararsa, ake ganinsa. Kofi na biyu ya ce shi ne masu tafiya da iskarsu a jaka. Ana sanyaya iskar da wuta ke ci har ta zama ruwa, a ɗura ta a tanki kamar filas. Wasu su riƙa ƙona mai da ita kaɗan-kaɗan. Wasu kuma ba sa ƙona komai, suna haɗa ta da wata iskar a cikin akwati, lantarki ya fito, abin da ya rage ya zama ruwa. Irin waɗannan suna daɗewa a ƙasa, amma tafiyarsu a hankali ce. Kofi na uku, wanda ya fi girma, ya ce nukiliya.

"Kada sunan ya tsorata ku, tukunya ce. Zafinta ne kawai ba ya buƙatar iska. Ta tafasa ruwa, tururi ya juya inji, inji ya juya farfela. Abincin mutanen ciki zai ƙare kafin ƙarfinta ya ƙare. Na ƙasar nan duk irinta ne."

"To ai shi ke nan," in ji Yaya Mubarak. "Ba sa buƙatar batir."

Baffa ya dube shi ta saman tabarau. "Tukunyar nan an yi ta ne ta kashe kanta in ta ji wani abu ba daidai ba. To ta kashe. Kana can ƙasa, inda hasken rana ba ya zuwa. Wa zai riƙe maka fitila? Wa zai juya famfo har a sake tayar da ita?"

Yaya Mubarak ya ɗauki cincin ya sa a baki.

"Namu batirin mai jira ne," in ji Baffa. "Yana iya yin shekaru ba a neme shi da gaske ba. Ranar da aka neme shi kuwa, babu wanda za a kira in ya ƙi. Wannan duk yana cikin littattafan laburare. Abin da ba ya ciki ba za ku ji shi a bakina ba, don haka kada ku tambaya."

Batir na farko da ya sa a cikin jirgi, ya ce a wata ma'aikatar jiragen ruwa ce can kudancin Virginia, inda kamfanin yake tura su in an gama gwaji a nan. Shugaban aikinsu wani Bature ne mai tsawo da Baffa ya sa wa suna Dogo. Dogo yakan tsaya a bakin ƙofar shiga da tire a hannu. Agogo, zobe, makulli, kwabbai, bel mai ƙarfe, komai sai ka zube a tiren. Baffa yana da zoben azurfa da ya zo da shi daga Kano. Ya gaji da cirewa da mayarwa, ya ba Inna ajiya, har yau bai karɓa ba. Sifanonin ma duk an lulluɓe su da roba sai bakin kawai, don in ƙarfe tsirara ya faɗa tsakanin kai biyu, narkewa zai yi a wurin.

Batirin mai nutso ba guda ɗaya ba ne. Tukwane ne sama da ɗari, kowace ta kai ƙirjin mutum, kowace kuma sai da ƙugiyar ɗaga kaya. Ana zura su ɗaya bayan ɗaya ta wata ƙofa mai zagaye, a jera su a wani ɗaki can ƙasan jirgin, a matse su da katako kada su motsa in teku ta yi fushi. In an gama jerawa, abin da ya rage tsakanin kansu da rufi bai isa mutum ya zauna ba. Rub da ciki ake aiki, a kan allunan roba. Baffa ya nuna mana yadda yake jan jiki da gwiwar hannu, ya kusa ture kofin nukiliya.

"Ka ɗaure kowane haɗi daidai gwargwado," ya ce. "Ya yi sako-sako, zai yi zafi. Ka matse da yawa, ka fasa dalma. In an fara caji, batir yana fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta, tartsatsi ɗaya ya ishe ta ta kama da wuta. Shi ya sa kunnenka kullum yana kan fanka. Fanka ta yi shiru, a tsayar da komai. Ruwan teku kuma kada ya kuskura ya taɓa batir, hayaƙin da zai tashi guba ne. Bayan duk wannan sai a zo ga aikina na Ƙofar Ruwa. Na buɗe murfi, na leƙa, na zuƙo, na karanta, na ƙara tataccen ruwa, na rufe, na ja ciki zuwa na gaba. Dogo yakan ce bai taɓa ganin mai son shayar da batir kamata ba."

Masu karɓar aikin sojojin ruwa ne, su ne za su zauna da batirin bayan su Baffa sun koma gida. Ya ce yawancinsu yara ne, wasu ba su girmi Yaya Mubarak sosai ba. Ya tuna wani babba a cikinsu, mai kula da lantarkin wani jirgi, wanda ba ya yarda da maganar kowa. Shi da kansa yake shiga rub da ciki ya taɓa kowane haɗi. Da ya gama ya fito ya goge hannu ya ce, "Sani, ɗakin kwananmu yana saman abin nan. Zan iya barci a kai?" Baffa ya ce masa ya yi barcinsa. Bayan watanni suka haɗu a ma'aikatar, mutumin ya tsaya ya yi ta ƙorafi a kan abincin jirgi, da wani mai minshari a gadon da ke samansa. Bai ambaci batir ba ko sau ɗaya.

"Ranar na ci abinci da daɗi," in ji Baffa.

"Malam," in ji Inna Hajara, "shayi ya huce, kana ta zagaye."

Baffa ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Sannan ya ce wata shekara aka kawo sabon batir ɗakin gwajinsu. Tun kafin nan ana ta maganarsa, shi dai ya ɗauka irin maganar ofis ce. Ranar da aka sauke tukwanen, ya cika kurar ruwansa kamar kullum, ya turo ta har gabansu, ya zaro gilashinsa daga aljihu. Ya duba saman tukunya ta farko, babu murfi. Ya zagaya bayanta. Ya durƙusa ya leƙa gefe. Samarin wurin suna kallonsa, har Dogo ya zo ya dafa shi ya ce, "Sani, waɗannan ba sa sha."

A rufe suke ruf. Ruwan batirin yana jiƙe a cikin wani abu kamar auduga tsakanin farantan, ba ya raguwa balle a ƙara. Daga kan kowace tukunya waya ta fita zuwa kwamfuta, kwamfuta tana zana layuka a allo. Kamfani ya tara su ya ce duk wanda zai ci gaba da aikin batir sai ya ci jarrabawa a kan sabon tsarin. Wanda bai ci ba za a mayar da shi sito. Dama biyu kowa yake da ita. Dogo ya ce shi ya tsufa da komawa aji, ya ajiye aiki ya tafi kamun kifi. Baffa a lokacin ya haura hamsin.

"Na shiga ta farko," ya ce. "Wata injiniya ce ke yi mana, yarinya mai ladabi. Ta sa ni gaban allo ta ce a cikin tukwanen nan akwai mara lafiya, in nuna mata. Na ga layuka kamar taliya. Na tashi na je wurin tukwanen, na ƙwanƙwasa ɗaya, na kara kunne. Ta jira ni har lokaci ya cika. Sannan ta ce, Mista Sani, ka yi haƙuri."

Aka kai shi sito. Aikinsa ya zama tuƙa motar ɗaga kaya, daga wannan lungu zuwa wancan. Motar ma batir gare ta, mai murfi, amma wani kamfani daban ke kula da shi, an hana kowa taɓawa. Ya ce kullum a kan batir yake zaune, bai isa ya buɗe ba. Ta tagar siton yana hango ƙofar ɗakin gwaji. Dama ɗaya ta rage masa, a ƙarshen shekara.

Nan Inna Hajara ta karɓe labarin. "Ku bar shi, ba zai faɗa daidai ba. Mutum ya riƙa dawo mini tsaf, wando ba huji, baki ba magana. In na ce yaya aiki, ya ce aiki da godiya, ya shige. Wata Lahadi na dawo daga asibiti na same shi a teburin kicin da hotunan gwaji da aka yarda su zo da su gida, ya riƙe ɗaya a kife. Na ce Malam, wannan ai allon ɗakin marasa lafiyata ne. Ya ce Sista, batir ne. Na ce to mene ne bambancin? Kai ka saba ka buɗe ka leƙa. Mu an taɓa ba mu izini mu tsaga mutum mu duba ko zuciyarsa na aiki? Allo muke karantawa."

"Ta raina mini sana'a," in ji Baffa.

"Na ceto maka ita dai."

Daga ranar, kowace Lahadi bayan la'asar suke zama. Inna ta ce abu na farko da ta hana shi shi ne kallon lamba guda. Lamba guda ba ta faɗin komai, sai ka ga daga ina ta fito, ina ta nufa. Na biyu, kada ya dubi mara lafiya shi kaɗai, ya dube shi tare da na gadon kusa da shi. Ta riƙa kiran tukwanen gadaje. In aka ɗora musu nauyi, wane gado ne ya fara faɗuwa? In aka sauke, wane ne ya makara wurin farfaɗowa? Wane ne jikinsa ya fi na maƙwabtansa ɗumi, ko da kaɗan ne? Shi kuma ya riƙa gaya mata abin da ke faruwa a ciki in layi ya yi haka, don ya san farantan nan kamar tafin hannunsa. Abin da bai iya ba shi ne ganinsu ta allo.

"Gardama kuwa, kada ku tambaya," in ji Inna. "In na rufe hoton na ce wane gado, sai ya ce da an bar shi ya sansana da tuni ya faɗa. In ce Malam, mara lafiyarka ya rasu kana neman murfi, Allah ya ji ƙansa, kawo na gaba. Wata rana ya yi fushi ya tashi ya tafi gareji. Na ƙyale shi. Da yunwa ta kama shi ya dawo, na ajiye tuwo a gefe, hoto a gaba."

Ishaya yana dariya har da riƙe ciki. Na lura Baffa ma yana murmushi, yana juya ɗan bututun gilashin a hannunsa.

Jarrabawa ta biyu injiniyar nan ce dai. Wannan karon tukwane na gaske ta haɗa, ta ɗora musu nauyi, layuka suka fara tafiya a allo. Baffa ya ce ya zauna a kan hannayensa don kada su kai shi wurin tukwanen. Da farko duk layukan tare suke sauka, kamar ɗalibai a layin asambili. Ya zaɓi ɗaya a ransa, ya kusa faɗa, sai ya tuna lamba guda ba ta faɗin komai, ya ci gaba da kallo. Wanda ya zarga ya koma cikin 'yan'uwansa. Lokaci yana tafiya. Can ya ga wani layi a gefe ya fara jan ƙafa, kaɗan ƙwarai. Ya duba zafinsa, ya duba na maƙwabtansa biyu. Ya jira aka sauke nauyi, kowa ya miƙe, wannan ya makara.

"Na nuna da yatsa na ce mata, na gado na bakwai yana da zazzaɓi."

"Gado?" in ji Yaya Mubarak.

"Haka ita ma ta ce. Na ji kunya, na ce tukunya nake nufi. Ta ce in gaya mata me na gani, na gaya mata. Ta ce me nake zaton yana faruwa a ciki, na ce farantan sun fara bushewa. Ta yi rubutu. Sannan ta ce ban yi sauri ba, akwai waɗanda suka riga ni ganowa, amma na gano, kuma na san dalili. Ta ce ranar Litinin in koma ɗakin gwaji. Da zan fita ta tambaye ni wa ya koya mini. Na ce wata Sista ce mai faɗa."

Ya mayar da gilashin cikin safa ya rufe durowa. Ya ce gaskiya sabon batirin ya fi wa yaran nan na cikin jirgi. Ba sa jan ciki da ruwan batir a ƙasan teku, ba sa ƙona hannu, kuma iskar da yake fitarwa ba ta kai ta da ba. Shi ne ya rasa abin da ya saba da shi, amma ai ba don shi ake ƙera jirgin ba. Yanzu yana zaune ne a kujera mai taya, gaban alluna, sababbin ma'aikata suna zuwa tambayarsa. Har wasunsu sun ɗauki kalmar, za ka ji Bature yana cewa gado na kaza ba ya jin daɗi, bai san daga kicin ɗin wa ta fito ba.

Ishaya ya ce, "Baba, na karanta wai wasu ƙasashe sun fara sa wa nasu irin batirin waya."

"Litiyam," in ji Baffa. "Gaskiya ne. Ya fi ɗaukar caji, ya fi sauƙin nauyi, amma in ya kama da wuta ba ya jin lallashi. Babu dalma a cikinsa, babu farantan da na sani. Mu ma an fara yi mana maganar horo a wurin aiki. Sun ce wanda yake so ya ba da sunansa, wanda kuma ya ga ya gaji ba za a ga laifinsa ba."

"Ka ba da naka?" in ji Yaya Mubarak.

Baffa ya juya wajen Inna Hajara, wadda ta tashi tana tattara kofuna a tire.

"Sista, akwai gado?"

"Ni na sallame ka tuntuni," ta ce. "Mai taurin kai ɗaya ya ishe ni a rayuwa, ba zan maimaita aji ba."

Ta ɗauki tiren ta nufi ƙofar kicin. Ta tura ƙofar da ƙafa, ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Gobe bayan la'asar. Ka zo da tabaranka. In ka ce mini za ka sansana, babu tuwo."